Idon Birgi Talatin da Huɗu

"Zulai'atu, hannunki muke jira!"

Muryar hedimasta ce ta dawo da ni hayyacina.

Na ɗaga kai a firgice...

Iyaye kusan sittin ne a gindin mangwaron firamaren unguwarmu a Wara, maza a kan bencin yara, mu mata a kan tabarmi, kuma kowa ni yake kallo. An ƙirga hannuwa har sau biyu, ashirin da tara a nan, ashirin da tara a can. Ni kaɗai ce ban ɗaga ba.

Tambayar kuwa ɗaya ce: a bar Malam Jabiru ya ci gaba da koya wa 'yan aji uku lissafi da guntayen ragar kamun kifi, ko a koma haddar "biyu sau biyu huɗu" yadda aka saba, shi kuma a rubuta wa ofis a canza masa makaranta?

Na dubi dama, ga Babana, Malam Garba masunci, ya haɗe rai.

Na dubi hagu, ga Jabiru tsaye jikin tagar aji, har yanzu da farin alli a yatsunsa.

Jabiru nawa!

Wata takwas ke nan yana zuwa ƙofar gidanmu da la'asar, shi ne ya sake koya mini dariya bayan shekara huɗu da rasuwar mijina. Kuma da safen nan kafin mu fito, Baba ya tsaya a tsakar gida ya ce da ƙarfi don in ji, "Mutumin da iyayen gari sunka kora ba shi aure a gidana."

Wayyo ni Zulai, yaya zan yi da raina?

Tun hantsi ake abu ɗaya. Baba ne ya fara miƙewa.

"Mu munka sha rana, munka sha ruwa, munka kai ɗiyanmu boko don hannunsu shi bar ƙarnin kifi. Sai ga malami ya kwaso ragar da munka yar a bola, ya kai musu cikin aji! Wanga karatu ne ko cin fuska?"

Masunta suka ɗauka gaba ɗaya, "Gaskiya ne!"

Hajiya Aminatu ta asibiti ta miƙe tana gyara mayafi.

"Malam Garba, ka yi haƙuri. Ɗana ya iya rera bakwai sau takwas kamar waƙa, amma ka ce ya raba wa mutum uku lemu goma sha biyu, sai ya tsaya yana kallon bakinka. Tunda aka fara ƙirga idon ragar nan ya gane abin da ake nufi da sau. Kuma sabuwar manhaja ce ta ce a koyar da abin da yaro ya sani."

"Manhaja ce ta haifa mana su?" in ji wani daga baya.

Wani ya ce shi da Turanci yake so a yi lissafin, wata ta ce ai Turancin ne ya hana yara ganewa. Wani ya ce a dawo da bulala, matarsa daga kan tabarma ta ce, "Kai da ka sha ta mi ka iya?" Muhammadu Bafulatani kuwa duk ɓangaren da aka ce a ɗaga hannu sai ya ɗaga, shi ya sa aka sake ƙirge. Da aka tambaye shi sai ya ce ɗansa ya san shanu tamanin da kamanninsu ba hadda ba raga, shi bai ma gane abin da ake rigima a kai ba.

Wallahi ni ma ban gane ba. Wannan ya yi magana in ji ya yi daidai, wancan ya yi magana in ji shi ma ya yi daidai.

Sai Malam Auwal ya tashi.

Shi ne mataimakin hedimasta, mai bulalar da yara ke jin tsoron ko inuwarta. Tun ranar da na fita takaba yake aiko wa Baba goro, ni kuwa ko muryarsa ba na son ji. Ya zaro wani littafi daga aljihu ya ɗaga sama, yana murmushi.

"Jama'a, ba na son tonon asiri, amma ku duba. Sifili... sifili... sifili! Sati uku a jere. Kun san littafin waye? Na Yasira ne, jikar Malam Garba. In 'yar gidan da yake neman aure ba ta gane karatunsa ba, ɗan wa zai gane?"

Wuri ya ɗauki "La'ilaha illallahu!"

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. 'Yata ce! 'Yar farina, wadda kunya ba ta bari in ambaci sunanta a gaban iyayena, balle in tashi a taro in kare ta. Ban taɓa ganin sifilin nan ba. Jabiru bai taɓa gaya mini ba, kullum sai dai, "Tana ƙoƙari, Zulaina."

"Zulai'atu," hedimasta ya sake cewa, "rana tana yi. Masu cewa a canza shi?"

Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba.

Na rantse ban sani ba!

Sifilin nan na jan biro kawai nake gani a idona.

"Talatin," in ji hedimasta a hankali. "Ranar Litinin za a kai takarda."

Masunta suka kaure da murna. Malam Auwal ya je ya durƙusa yana gaida Baba kamar ya ci zaɓe. Jabiru ya kakkaɓe allin hannunsa, ya zo zai wuce ta gefen tabarmarmu, ya ɗan tsaya.

"Na gode, Maman Yasira."

Maman Yasira...

Ba Zulaina ba, ba hasken idona ba.

Ya wuce, ko waiwaye bai yi ba.

*

Ina shiga gida na faɗa kan gado na fashe da kuka.

Inna ta leƙo da muciya a hannu.

"Ke kuma mi ya faru? Ba ke kika ɗaga hannu ba?"

"Ni ce, Inna."

"To kukan mi kike yi?"

"Ban sani ba, Inna! Wallahi ban sani ba!"

"Allah shi kyauta. Son shi kike, kin kore shi, kuma kina kuka. Ni dai tuwona na kan wuta."

Ta tafi ta bar ni.

Can na ji motsi a bakin ƙofa. Yasira ce, shekararta takwas, tsaye ta ɓoye hannu ɗaya a baya. Yaya take ce mini, don Inna ce ta goye ta.

"Yaya..."

"Mene ne?"

"Yara sun ce an nuna littafina a taro." Ta sunkuyar da kai. "Yaya, ni daƙiƙiya ce ko?"

Innalillahi!

Na jawo ta na rungume, abin da ban taɓa yi da rana tsaka a gidan nan ba.

"Wa ya gaya miki haka?"

"Ni dai ina ƙirgawa, ina sake ƙirgawa, kullum talatin da huɗu nake samu. Malam ya ce talatin ne, shida sau biyar. Ya ce in daina gaggawa. Kuma ba na gaggawa, Yaya."

Ta fito da abin da ta ɓoye.

Guntuwar raga ce, an ɗaura mata 'yar takarda mai lamba.

Na ja da baya. Shekara huɗu rabona da taɓa raga, tun ranar da igiyar birgi, ragar jifa, ta naɗe hannun Sadiq, mahaifinta, ta ja shi ƙasan tafki. Tun da aka fara wannan karatu na ce mata kar ta kuskura ta shigo mini da ita ɗaki, ta dinga yin aikinta a zaure. Ko Jabiru ya fara ba ni labarin ajinsa, sai in canza zance.

Amma yarinyar ta miƙo, idonta fal hawaye.

Na karɓa.

Na shimfiɗa ta a kan cinyata. Kafin ma in ƙirga yatsuna sun gaya mini. Ni 'yar Malam Garba ce, ina da shekara bakwai na fara saƙa. Taru miƙaƙƙe ne, layin sama da na ƙasa idonsu ɗaya. Birgi kuwa, ragar da ake jefawa ta buɗe a kan ruwa, daga tsakiya ake fara ta, ana sauka ana ƙara ido don ta yi faɗi.

Layin farko shida. Na biyu shida. Na uku bakwai, na huɗu bakwai, na biyar takwas.

Talatin da huɗu!

"Ke kika yi daidai," na ce. "Wallahi ke kika yi daidai!"

Ta zaro ido. "Malam ne bai iya ba?"

Na ninke ragar na dube ta.

"Me ya sa ba ki nuna wa kowa ba?"

"Na nuna wa Tsoho tun ranar farko." Haka take kiran Baba, shi kuma ya ce mata amaryata. "Ya juya ta, ya ce 'Birgi ce,' ya miƙo mini."

"Shi ke nan abin da ya ce?"

"Shi ke nan."

Na miƙe tsaye.

Ashe Baba ya sani! Sati uku yana kallon jikarsa tana shan sifili, ya yi shiru.

To wa zan yi fushi da shi? Jabiru da bai san birgi ba ya kai ta aji? Baba da ya san ta ya ƙi magana? Ko ni da na hana a shigo da ita ɗaki?

Na yafa mayafi na fita.

*

Na san inda zan same shi. Duk ranar da ransa ya ɓaci, bakin tafki yake zuwa, can gefen inda jiragen Yawuri ke sauke albasa. La'asar ta yi, mata na ta wankin kifi, shi kuma yana zaune a kan wani kifaffen kwalekwale.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam." Bai ɗago ba. "An manta wani abu ne da ba a faɗa a taro ba?"

"Jabiru..."

"Da hannun kowa ne, Zulai'atu, da ban ji komai ba. Mutum ashirin da tara sun ɗaga, ko a jikina. Amma ke?"

"Kai me ya sa ka ɓoye mini sifilin?"

"Don kar ranki ya ɓaci! Na ce zan zauna da ita a hankali har ta gane."

"Ta gane me?"

Na jefa masa ragar a cinya.

"Ƙirga!"

"Haba Zulai, ni na yanka su da hannuna. Shida a sama, layi biyar..."

"Ban ce ka yi sau ba, Malam. Cewa na yi ka ƙirga, ɗaya bayan ɗaya, yadda kake sa yara."

Ya dube ni, ya dubi ragar, ya sa yatsa.

Ya kai ƙarshe ya tsaya.

Ya sake farawa.

A karo na uku na ga zufa ta keto masa.

"Talatin da huɗu..." ya ce can ƙasan maƙoshi. "Ta yaya?"

Na zauna nesa kaɗan na yi masa bayanin taru da birgi. Ɗan 'yan kasuwar Yelwa ne, gidansu atamfa ake sayarwa, a wurinsa raga raga ce. Tsofaffin raguna ya tsinto ya yayyanka wa yara sittin da biyu, ya ƙirga layin sama da yawan layuka, ya rubuta amsoshin a littafinsa. Da shi yake duba aikinsu.

Ya dafe kai da hannu biyu.

"Koriyar ragar nan duk iri ɗaya ce da wannan. Yara goma sha ɗaya na ba." Ya yi lissafi a zuci. "Huɗu daga cikinsu suna cin goma bisa goma."

"To ka gani, ai ba duka..."

"Ba ki gane ba, Zulai. Waɗannan huɗun ba su ƙirga ba, haddar yayyensu suka rubuto, na yi ta yaba musu. Bakwai ɗin da suka bi maganata suka ƙirga tsakani da Allah, su na yi ta zabga wa sifili. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Hawaye ya zubo masa.

Ban taɓa ganin namiji yana kuka a bakin ruwa ba sai ranar da aka fito da Sadiq. Duk fushina ya bi iska.

"Malamina, ka daina..."

Ya ɗago da sauri. "Me kika ce?"

"Ka ji ai."

"Sake faɗa, don Allah."

"Ba zan sake ba." Na sunkuyar da kai. "Ka saurare ni. Hajiya Aminatu na tara mutane, gobe za su je wurin hedimasta a hana kai takardar. Ni ma zan je in ce na janye hannuna. Kai dai ka karɓe korayen ragunan a ɓoye, ka musanya su da taru. Ba wanda zai sani."

Eh, ni na faɗi haka. Ina jin kunyarsa har yau, amma na faɗa. Son shi nake, kuma na ga aurena yana sulalewa.

Ya girgiza kai.

"Yasira ta sani, Zulaina."

"Yarinya ce, za ta manta."

"Ba za ta manta ba. Za ta girma tana ganin in idonta ya ga abu, babba ya ce ba haka ba ne, to idonta ne ya yi ƙarya. Ni da na zo koya musu su yarda da abin da suka ƙirga?"

"In ka faɗa, Malam Auwal ya samu abin da yake nema! Masu goyon bayanka ma za su watse. Kuma ka ji abin da Baba ya ce..."

"Na ji."

"To ni fa? Ni fa, Jabiru?"

Ya dube ni. "Ke ce rabin raina, Allah ne shaida. Amma ba zan shiga gidanku ina kallon yarinyar nan kullum da wannan a cikina ba."

Na tashi na tafi ina kuka. Har na isa gida ban san ko haushinsa nake ji ba, ko sonsa ne ya ƙaru.

*

Washegari Lahadi, na kai wa Baba kunu a zaure. Yana zaune yana ɗinke wani taru.

Na ajiye, ban tashi ba.

"Lafiya?"

"Baba, Yasira ta nuna maka ragar."

Allurar saƙar ta tsaya a hannunsa. Tunda na haife ta, ranar ce ya fara jin sunanta a bakina.

"Ke Zulai, yau kuma rashin kunya kika tashi da ita?"

"Ka gafarce ni, Baba. Amma jiya ta tambaye ni ko ita daƙiƙiya ce."

Ya kau da kai.

"Ka san birgi ce. Kalma ɗaya za ka faɗa wa Malam, shi ke nan."

"In gyara mishi don ragar ta zauna a aji?" Ya ɗaga murya. "Ni na koya ma Sadiq jifan birgi! Ɗan ƙanena, da hannun nan nawa na ɗaura mishi igiya ranar farko. Ni kuma na ciro shi. Na yi alkawari ɗiyar da ya bari ba ta taɓa raga har abada, biro za ta riƙe. Sai ga wani ya zo daga Yelwa ya danƙa mata ita, wai ilimi!"

Ban taɓa jin Baba ya yi maganar ranar nan ba.

Na zo da faɗa a bakina, sai ga shi ina jin tausayinsa. Shi ma yana da gaskiya. To wai waye ba shi da gaskiya a cikin lamarin nan?

"Amma Baba, ita ce ta sha wuyar..."

"Tashi ki ba ni wuri."

Na tashi.

Kafin azahar labari ya cika Wara. Wai Malam Jabiru yana bin gidaje ɗaya bayan ɗaya da jan biro, yana durƙusa wa yara. Wani gida an yi masa dariya, wani gida an kore shi. Hajiya Aminatu ta aiko a gaya mini ta fasa zuwa wurin hedimasta, ita yanzu kanta ya ɗaure, ba ta san me za ta kare ba.

Shi ke nan, na ce a raina. Na rasa shi.

Da la'asar sakaliya na ji sallamarsa a ƙofar gida.

Na ruga na laɓe a bayan zanan zaure, Inna ta biyo ni da ludayi a hannu wai ta zo korata, ita ma ta kafa kunne.

Malam Auwal na zaune kusa da Baba, tun ɗazu ya zo da ƙullin goro yana kawo rahoto.

"Ga shi nan, Baba! Da bakinsa zai faɗa maka."

Jabiru ya durƙusa ya gaida Baba. Rigarsa duk ƙura.

"Baba, ba wurinka na zo ba yau. Izini nake nema in ga ɗalibata."

Baba ya ɗaga murya, "Amaryata! Zo."

Yasira ta fito tana raɓe-raɓe. Malam Auwal ya zaro littafinta daga aljihu ya jefa a tabarma yana dariya. Jabiru ya ɗauka, ya buɗe, ya matsa gabanta a kan gwiwoyinsa har tsayinsu ya zo ɗaya.

"Yasira, ido nawa ne a ragarki?"

Ta dubi ƙasa. "Talatin, Malam."

Na toshe bakina da mayafi.

"A'a. Nawa kika ƙirga?"

Ta ƙi ɗagowa.

"Faɗa mini, ba abin da zan yi miki."

"Talatin da huɗu," ta ce kamar mai raɗa.

"Talatin da huɗu ne. Ke kika yi daidai, ni na yi kuskure. Sau uku kina gaya mini gaskiya ina ce miki ki sake. Ba ki da laifi ko kaɗan, kuma kaf ajin nan ba wanda ya fi ki haƙurin ƙirga." Ya soke sifilin ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta goma. "Ki yafe mini."

Yarinyar ta dubi littafin, ta dube shi.

"Malam... ashe manya ma suna faɗuwa?"

"Suna faɗuwa, Yasira."

Malam Auwal ya tuntsire da dariya. "Ka ji ko, Baba? Malami yana roƙon gafarar 'yar aji uku! Gobe wane yaro zai ji tsoronsa? Ni shekarata goma sha biyar ina koyarwa, ban taɓa..."

"Malam Auwal," Baba ya katse shi, "wa ya ba ka littafin jikata ka ɗaga a taro?"

"Ai Baba, don a taimaki..."

"Ɗauki goronka. La'asar na wucewa."

Inna ta mintsine ni har sai da na kusa yin ƙara.

Malam Auwal ya ɗauki goronsa ya fita. Baba ya daɗe yana murza zaren taru a yatsunsa.

"Amaryata, matso."

Ta maƙe kafaɗa. Tunda take ba ta taɓa ƙin zuwa wurinsa ba.

"Tsoho, kai ma ka ƙirga ranar nan?"

Baba ya kau da kai. Mutumin da duk masuntan Wara ke tashi in ya shigo, ga shi ya kasa kallon 'yar shekara takwas.

"Na ƙirga," ya ce da ƙyar. "Na san ke ad da gaskiya, na yi shiru. Shi bai sani ba ya yi miki, ni ina sane. Nawa ya fi nashi muni." Ya miƙa mata hannu. "Ki yafe ma tsohon mijinki."

Ta faɗa jikinsa ta fashe da kuka.

Ni ma a bayan zana kukan nake, Inna ma tana share ido da bakin zane tana ce mini, "Ke rufe mana baki, za su ji mu."

Jabiru ya miƙe a hankali. "Baba, na gode. Gobe za a kai takarda, na ji an ce wani ƙauye a Shanga za a tura ni. Na ji hukuncin da ka yanke, ba zan ja da shi ba. A gaida mutan gida."

Ya juya.

Ya kai bakin ƙofa.

Ƙirjina kamar zai fashe!

"Malam."

Ya tsaya.

"Ka sani ni har gobe ban yarda da karatun raga ba."

"Na sani, Baba."

"Kuma takarda ba ni hana ta. Iyaye sun yanke."

"Haka ne, Baba."

"Hadda ita ce karatu. Yaro shi san bakwai sau takwas ko cikin barci aka tashe shi."

"Ni ma yanzu ina ganin a haɗa su biyun, Baba, sai dai..."

"Kar ka sake jawo mini gardama, ban gama ba!" Baba ya gyara zama, yana shafa kan Yasira. "Na ce wanda iyayen gari sunka kora ba shi aure a gidana. To ni na tara iyayen, kuma na san yadda na yi na tara su. Da na faɗi gaskiya tun farko, da ba a kore ka ba. Ka turo magabatanka ranar Juma'a."

Jabiru ya zube a ƙasa. "Baba... Baba me ka ce?"

"Kurma ne kai? Juma'a na ce! In kun tafi Shanga ka koya ma yarinyar ga yadda ka ga dama. Amma duk hutu ka kawo mini ita, ni in yi mata hadda."

Inna ta manta laɓe muke, ta rangaɗa guɗa a cikin kunnena.

"Ayyururuiii!"

Zanan ya karkata, ya faɗi gaba ɗaya cikin zaure, ga ni tsaye ba ɗankwali, fuska jage-jage da hawaye.

Baba ya dube ni, ya girgiza kai.

"Ke kuma kukan mi kike yi yanzu?"

Na dubi Jabiru, yana durƙushe yana dariya yana hawaye, leɓensa na motsi ba sauti, "Zulaina..."

"Na sani wannan karon, Baba," na ce, na rufe fuska na ruga cikin gida.